Hoton Kaka Larai a Bakin Ƙofa

Da Baba Joshua ya rasu a Beji, abin da ya fi ƙona wa jikarsa Jennifer rai, bayan rashin shi kansa, shi ne neman hotonsa. Iyali sun shirya a buga fuskarsa a ƙirjin fararen riguna, kowa ya sa ranar jana'iza. Aka birkice akwatuna, aka zazzage tsohon Littafi Mai Tsarki ko an soke wani abu a ciki, aka bi wayoyin 'ya'ya da jikoki ɗaya bayan ɗaya. Hoton kunyar doya akwai, na akuya akwai, har da na wani maƙwabci da ba a ga-maciji da shi. Na Baba ne dai babu. A ƙarshe katin zaɓensa aka kai wa mai buga riguna a unguwar Kpakungu da ke Minna, ya faɗaɗa ɗan hoton nan har ya dusashe. Mutumin da ya yi shekara tamanin da ɗoriya yana dariya sai ga shi a ƙirjin mutane ya zaro ido, fuska a murtuke.

Ita kuwa Jennifer ɗaukar hoto ce sana'arta. Shekara biyar tana yawo a Minna, biki da suna da bikin yaye ɗalibai, ta ɗauki amaren da ko sunansu ba ta riƙe ba, amma ba ta taɓa ɗaga kyamara a kan kakanta ba. Kullum sai ta ce in an zo Kirsimeti. Ranar da rigunan suka iso, mahaifiyarta, Mary, ta ɗauki ɗaya. Ta dubi rigar, ta dubi 'yarta, ta ninke ta ajiye. Kunyar wannan kallo ta hana Jennifer cin abinci, kuma a ranar ta ƙudurta cewa ba za ta bar Beji ba sai da hoton kakarta, Kaka Larai, mai kyau, tsakiyar 'ya'yanta biyar.

Kyamara biyu ta zo da su, dukansu irin ƙananan nan marasa madubi a ciki da masu fara sana'a ke saya. Tsohuwar ita ta fara aiki da ita. Robar jikinta ta ɗaye, murfin batir sai da salatif, kuma in haske ya yi ƙasa hotonta yakan fito da tsaki-tsaki. Sai dai Jennifer ta san ta ciki da waje, ko ido a rufe yatsanta ya san inda kowane maɓalli yake. Sabuwar kwananta huɗu kacal a hannu. Ndakotsu, Banufen da ke da shagon kayan hoto a unguwar Tunga ta Minna, shi ya haɗa ta da ita, ya kuma yi mata kirari son ransa.

"Jenifa, wannan ba ke za ki nemi ido ba, ita za ta nema miki," in ji shi. "Ki ɗaga kawai, ta kama fuska caraf. Ko a ɗaki mai duhu tana gani. Waccan tsohuwar ki bar ta ta huta, ta yi ritaya."

Gaskiya ya faɗa, ba a ƙi ta tasa ba. A majami'a, inda aka yi sujada da safe, sabuwar ta yi abin a yaba. Ba ƙara, ba jinkiri, fasto na buɗe baki ta kama shi, zumuntar mata na juyi da ganguna ta tsayar da su cak. Jennifer har ta fara jin haushin kanta da ta ɗauko tsohuwar tana ƙara mata nauyi a kafaɗa.

Bayan an dawo daga kabari aka zauna cin abinci a tsakar gida. Kaka Larai ba ta fito ba. Tun da aka dawo da ita ta shige ɗakinta ta zauna a bakin gado, ta ce gwiwoyinta sun gama aikin yau. Kawu Yona, babban ɗanta, yana ta duba agogo, don motar da za ta mayar da shi Kaduna tana jira a bakin hanya, kuma daga gabas hadari ya fara haɗowa. Jennifer ta san halin gidan nan. In mutanen nan biyar suka watse yau, abin da zai sake tara su a wuri ɗaya ba abin da ake fata ba ne.

Ta bi su ɗaya ɗaya. Ta raba wannan da kwanon tuwo, ta janyo waccan daga cikin masu gaisuwa, ta tsaya a gaban Kawu Yona har ya ajiye waya.

"Kawu, minti biyar kawai."

"Ke da hotonki! Yau ranar hoto ce?"

"Yau ce, Kawu. Don Allah."

Ya tashi yana gunaguni. Suka cika ɗan ɗakin, uku a tsaye, biyu a zaune gefe da gefe, Kaka a tsakiya. Ba wuta, taga ɗaya ce, ita ma buhun dawa ya tare rabinta. Jennifer ba ta damu ba, ai irin wannan wuri aka yi sabuwar dominsa. Ta ɗaga ta, allon ya haskaka ɗakin fiye da yadda ido ke ganinsa, ɗan koren akwatin da ke nuna inda kyamara ta kama ya yi tsalle ya sauka. Ta danna sau uku, ta duba.

Fuskar Baba Joshua da ke ƙirjin Kawu Yona ta fito tas, har zaren rigar ana gani. Kaka Larai kuwa ta zama inuwa, ba a bambance idonta da kumatunta.

Ta sake ɗagawa, wannan karon tana lura. Akwatin ya bar ƙirjin Kawu ya koma ƙirjin Mary, daga nan ya faɗa kan rigar Kaka ita kanta, ɗan taƙi kaɗan ƙasa da haɓarta. Jennifer ta taɓa fuskar kakarta a allon da yatsa, akwatin ya hau, ya yi kamar zai zauna, wani ya motsa, ya zame ya koma wurin Baba. Abin ba wuyar ganewa. An koya wa na'urar neman fuska mai kallon gaba, ido a buɗe. Ga shida nan a kan farin yadi sun zuba mata ido, ga kuma tsohuwa baƙa, kai a sunkuye, ɗankwali ya rufe goshi. Wace za ta zaɓa?

"An gama?" in ji Kawu Yona.

"Saura kaɗan."

Ta san ana iya kashe wannan wayon, Ndakotsu ya ambata. Amma a ina? Ta shiga jerin saituna, shafi bayan shafi, kowanne da 'ya'yansa da jikokinsa. Ta fita bakin ƙofa ta kira shi, wayar na shiga tana yankewa.

"Ki shiga na uku… a'a, na biyu, sai ki gangara…" Muryarsa ta ɓace. Ta sake kira, aka ce ba a samunsa. A ranta ta yi masa addu'ar da ba ta dace da ranar jana'iza ba.

Ta koma ciki ta zaro tsohuwar kyamarar. Wannan ba ta da ra'ayin kanta, inda aka ce ta kama nan take kamawa. Jennifer ta ɗora ɗigon saitin kyamarar a kan idon Kaka, gilashin ya yi gaba ya yi baya yana lalube a duhu, da ƙyar ya tsaya. Hoton ya fito, kuma Kaka ce a tsakiyarsa ba rigar ba, amma duhu ya cinye rabin fuskar, sauran rabin duk tsaki. Irin hoton da in aka faɗaɗa shi zai koma kamar na katin zaɓe. Ta tsaya da kyamara ɗaya a kowane hannu. Ɗaya na gani a duhu amma ba ta jin magana, ɗaya na jin magana amma sai an ba ta haske.

"To ku rufe hoton da hannu mana," in ji Mary, da ta leƙa allon ta gane matsalar. "Kowa ya dafa ƙirjinsa, sai abin ya daina ganin Baba."

Har sun fara ɗaga hannu, Kaka Larai ta yi magana a karon farko.

"Kar wanda ya rufe masa fuska. Yanzu-yanzu muka rufe shi da ƙasa, bai isa ba?"

Hannuwa suka sauka. Iska ta fara kaɗa kwanon rufi. Kawu Yona ya ɗauki jakarsa.

"Jennifer, ki haƙura. Wani lokaci a yi. Ruwa zai tare mu a hanya."

Wani lokaci. Kalmar da ta yi shekara biyar tana faɗa wa kanta kenan. Ba ta taɓa tare wa kawunta hanya ba, amma yau ta je ta cika ƙofar da jikinta.

"Kawu, ka gafarce ni, ba wani lokaci. Ka duba abin da ke ƙirjinka. Ni na jawo wannan, kuma ba zan sake ba."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya sunkuya ya dubi rigar, ya rufe. Ya mayar da jakar ƙasa.

Jennifer ta cusa sabuwar a jaka, ta ja zif. Ta durƙusa gaban kakarta.

"Kaka, haske nake so. Bakin ƙofa kawai. Su Kawu za su ɗauke ki a kujera."

"A ɗauke ni? Ni buhun masara ce?" Ta harare ta. "Ke Jenifa, tun kina ƙarama ba kya jin bari. Kawo kafaɗa."

Daga bakin gado zuwa ƙofa taku bakwai ne, sun ɗauke su kusan minti uku. Kaka na dafe da kafaɗar jikarta, tana jan ƙafa, tana ambaton sunan Yesu a kowane taku, ba ta yarda wani ya kama ta ta ɗaya gefen ba. Aka ajiye mata kujerar roba a kan dakalin ƙofa. 'Ya'yan suka jeru a bayanta. Hadarin ya rufe rana, ya bar wani haske mai laushi da ya kwanta a fuskar tsohuwar ko'ina daidai, babu inuwa mai kaifi. Masu gaisuwa suka daina tauna suna kallo.

Jennifer ta ja da baya ta durƙusa a ƙasa. Ta kashe tsarin da tsohuwar kyamarar ke saita kanta da kanta gaba ɗaya, ta kama zoben gilashin da yatsu biyu, don wannan karon ba ta son ko ita kyamarar ta yi mata shisshigi. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo mata a wuya.

"Kaka, ɗago kai kaɗan."

Kaka Larai ba ta ɗago nan take ba. Sai da ta tura ɗankwalin baya ya bar goshi, ta gyara wuyan rigar, ta shafe yadin a ƙirjinta har fuskar mijin ta miƙe, ta ɗora hannuwa biyu a cinya. Sannan ta ɗago ta dubi cikin gilashin kai tsaye.

"Na san dalilin da ya sa kika dage," in ji ta, murya a sake, kamar mai aiken kasuwa. "Ba laifi. Ki ɗauka da kyau. Ina so in ranar ta zo, jikokina su gane ni."

"Mama!" in ji Mary daga bayanta.

"Mene ne? Ƙarya na faɗa? Ku tsaya daidai, yarinya na aiki."

Jennifer ta kai ido kan kyamara, sai ta ga komai ya dusashe, Kaka da ƙofa da fararen riguna duk sun narke. Ta murza zoben gaba, ta murza baya, bai gyaru ba. Sai a lokacin ta gane ba gilashin ba ne. Ta sauke kyamarar, ta goge idanunta da bayan hannu, ta goge kuma, ta ja numfashi ta riƙe. Ta murza a hankali har layukan goshin kakarta suka fito ɗaya bayan ɗaya, har ta ga ɗan farin gashin da ke girarta ta hagu. Tsohuwar ba ta ƙifta ba, kuma a gefen bakinta akwai wani ɗan murmushi na wadda ta ci gardama.

Jennifer ta danna.

Ruwan ya sauko da ƙarfi, mutane suka watse da kwanuka a ka. Kawu Yona ya tsaya a inda yake, ruwa na jiƙa masa kafaɗa, hannunsa a kan kujerar uwarsa. Jennifer ta tura kyamarar ƙarƙashin rigarta ta ruga dakalin, ta durƙusa, ta buɗe hoton ta miƙa. Kaka ta riƙe shi nesa da fuska, ta matso da shi kusa, ta daɗe tana dubawa.

"E," ta ce. "Ni ce."