Sunkuyon Consorcia

Tun daga ƙauyensu a Batangas har Manila, a bayan motar soja, magana ɗaya Consorcia take nanatawa: yau ba za ta sunkuya ba.

"Mare, wa ya ce ki sunkuya?" in ji Luming, aminiyarta, wadda ke kiranta Mare, wato ƙawa. "Janar ɗin Japanawan da ke tsare a hannun Amurkawa? Ke dai ci ayabar nan, cikinki sai ƙugi yake kamar jirgin yaƙi."

Ita Luming komai abin wasa ne, amma ta san zancen. Duk zaman da Japanawa suka yi a ƙasar, wanda ya gifta soja bai lanƙwasa baya ba, mari ne rabonsa. Crisanto, mijin Consorcia, ya sha mari har kunnensa ɗaya ya toshe, bai taɓa sunkuyawa ba. Ita take yin sunkuyon su biyu. Ranar da aka kora mazan ƙauyen bakin rijiya ana soke su, ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa takalmin soja, tana roƙo. Bai hana komai ba, har da Crisanto aka soke. A bakin rijiyar ta yi wa mijinta rantsuwa cewa bayanta ya gama lanƙwasa.

A kotun da aka kawo su ba da shaida, sai ta ga janar ɗin ashe wani ɗan tsoho ne mai tabarau, ka ce mai sayar da magani. Haushi ya kama ta. Ta ba da shaida a tsaye ƙyam, tafinta na juyawa, har lauyan janar ya miƙe.

"Baiwar Allah, kin ga wannan mutumin a ƙauyenku ranar?"

"Yaransa ne."

"Shi nake tambaya."

"Ban gan shi ba."

Lauya ya yi godiya ya zauna. Janar kuwa cewa ya yi yana can kan duwatsu, ko sunan ƙauyen bai taɓa ji ba. Wataƙila ma gaskiya ya faɗa, wannan shi ya fi yi mata ciwo.

Da aka tashi hutu, matan da suka zo shaida suka jeru a baranda. Aka fito da janar ɗin. Consorcia ta tara yawu a baki, ta kafa ƙafa. Sai ga ƙarar takalman nan a kan siminti, ƙwas, ƙwas, suna matsowa.

Ba ta san lokacin da ta sunkuya ba. Ta dai ga ƙasa a gaban idonta, hannuwanta manne da cinya yadda aka koya musu da mari. Ta waiga gefe, ga fuskar Luming daidai tata, ita ma a duƙe, hawaye na ɗiga a kan siminti.

Takalman suka wuce.

"Ya gani?" Consorcia ta tambaya a hankali.

"Ko dubanmu bai yi ba, Mare."

Consorcia ta haɗiye yawun.

"In mun koma," ta ce, "kada mu bi ta bakin rijiya."