Jikar Mai Alewar Riɗi

Rudaina na da wata bakwai ranar da kakanta ya tsoma yatsa cikin niƙaƙƙen riɗi da zumar rake ya lakata mata a baki. Haka ya yi wa ubanta yana jariri, haka aka yi masa shi ma. Ina kicin ina yanka albasa na jiyo wani irin tari da ban taɓa jin ta yi ba. Kafin in wanke hannu leɓunanta sun kumbura, borin jini ya feso mata har wuya, ta amayar da duk nonon da ta sha. Mijina Midhat ya saɓe ta a kafaɗa ya ruga asibiti ko takalmi babu. An yi mata allura, aka riƙe mu har la'asar, sannan aka rubuta mana sunan wata likita a Alkahira wadda ta ƙware kan yaran da abinci ke yi wa haka.

Gidanmu a saman wurin sana'a yake. Surukina, Alhaji Shahata, shekararsa arba'in yana yin alewar riɗi a Tanta, Midhat kuma tun yana ɗan sakandare yake tsaye gaban kasko tare da shi. A ƙasa ake suya da niƙa, a sama muke kwana. Riɗi yana cikin ɗinkin katifarmu, yana cikin gashin Midhat, yana tsakanin tayil da tayil inda tsintsiya ba ta kaiwa.

Alhaji bai yarda riɗinsa ne ba. Ya ce haƙori ne, in ba haƙori ba to baki ne, don matar mai gyaran agogo ta yaba kumatun yarinyar ba ta ce tubarkalla ba. Mako uku muka jira ranar ganin likita. Da safiyar ranar muka sauko muka tarar da shi a bakin ƙofa cikin jallabiyarsa ta zuwa Juma'a, riƙe da kwalin alewa da ya ɗaure wa likita da jan zare. Ba wanda ya gayyace shi, ba kuma wanda ya iya cewa ya zauna.

A jirgin ƙasa ya ɗora Rudaina a cinya yana ja mata hanci.

"Amaryata, yau za mu je a faɗa wa uwarki tsoro ne ya yi mata yawa. Ke da aka haifa a kan buhun riɗi."

Ita kuwa sai dariya take tana kama gemunsa. Na ga jan tabo ya fito a kumatunta daidai inda ya sumbace ta. Na goge da bakin mayafi.

Dakta Nifin mace ce ƴar siririya mai furfura a gaba, ba ta da saurin magana. Ta yi mini tambayoyi da yawa: me nake ci, me yarinyar ta taɓa ɗanɗanawa, yaushe bayan gwiwoyinta ya fara saɓa, minti nawa tsakanin cin da kumburin. Daga nan ta sa na cire mata riga na kifa ta a ƙirjina. Ta yi ƴan lambobi da biro a bayanta, ta ɗiga ruwa kusa da kowace lamba, ta bi kowane ɗigo ta ɗan tsikare shi da wani tsinke. Rudaina ta sandare, ta yi kuka har muryarta ta dishe. Aka ce mu riƙe hannuwanta minti goma sha biyar kada ta sosa.

Mu uku muka zuba wa bayan ido. Lamba ta biyu ta ɗan tashi, ta huɗu ma haka. Ta shida kuwa muna gani ta dinga kumbura tana faɗi, har ta cinye rubutun biron da ke gefenta. Alhaji ya tambayi ta mece ce. Likita ta auna da ƴar rula, ta rubuta, kana ta ce ta biyu ƙwai ce, ta huɗu madarar shanu, ta shida riɗi.

Ta ce ƙwai da madara akwai sa rai, yara da yawa kan rabu da su kafin su shiga makaranta. Riɗi kuwa ba kasafai yake sakin wanda ya kama ba, kuma karo na gaba zai iya fin na farko. Ta ce kada ya shiga bakinta ko ƙwaya ɗaya, a kula da hannun duk wanda zai ɗauke ta, a kula da ƙasan da za ta yi rarrafe, don yaro mai rarrafe komai ya tsinta baki yake kaiwa. Sai ta tambayi Midhat wace sana'a yake yi. Ya buɗe baki, ya yi wata ƴar dariya marar daɗi, ya kasa. Ni na faɗa mata.

Ta ajiye biron. Ta tambaya ko muna da wani wurin zama.

Alhaji ya matso da kujerarsa. Ya ce a ƙauyensu in yaro ya ƙi abu kaɗan-kaɗan ake ba shi har jikinsa ya saba, shi zai iya aunawa, hannunsa ya fi sikeli.

"Alhaji, kada ka gwada," in ji ta. "Ranar nan kun kai ta asibiti a kan lokaci. Ba kullum ake kaiwa ba."

"Wato ni na so kashe ta ke nan, likita?"

"Ba ka sani ba. Yanzu ka sani."

Ya dubi tafin hannuwansa ya juya su. Ya sunkuya ya tura kwalin alewar can ƙarƙashin kujera da diddige.

Likita ta ɗauko lemon zaƙi da sirinji ta koya mini allurar gaggawa: yadda zan fasa kan ƴar kwalba, inda zan tsaya in ina zuƙa, yadda zan soka a cinya ko ta kan wando. Sau huɗu na soki lemon. A na biyar ta ce ya yi. Ta ce kwalbar ta riƙa bina har bayi.

A hanyar dawowa Rudaina ta miƙa wa kakanta hannu daga cinyata, tana wannan ƙarar da take yi in tana son a ɗauke ta. Ya cusa hannuwansa cikin hammata ya juya yana kallon gonaki ta taga. Ta yi ta miƙawa har ta gaji ta yi barci.

Mun gwada ci gaba da zama a gidan. Kwana tara ina wanke ƙasa safe da yamma, Midhat yana tuɓe kaya a matattakala ya yi wanka kafin ya shigo. A rana ta goma na zaro ƙwayar riɗi biyu daga cikin dunƙulen hannunta, tana shirin kaiwa baki. Ban san inda ta samo su ba. Washegari na haɗa kaya na tafi gidan mahaifiyata a Mahalla.

Wata biyar ke nan. Midhat yana zuwa ranar Juma'a da sabbin kaya cikin leda, ya koma Asabar da asuba, don uban ba zai iya ɗaga kasko shi kaɗai ba, shi kuma bai iya wata sana'a ba. Mun daina zancen yaushe zan dawo.

Alhaji sau ɗaya ya zo. Ya aske gemun, ya yanke farce har nama, hannuwansa sun yi ja saboda wanki. Na ce, "Baba, ɗauke ta mana, ba komai." Ya durƙusa ya kira ta amaryarsa. Rudaina ta tsaya riƙe da ƙafar tebur tana kallonsa, sai ta taɓe baki ta fashe da kuka ta rarrafo ta ɓuya a bayana. Ya zauna ya sha shayin da mahaifiyata ta kawo masa, ya tambayi lafiyar kowa, ya ce zai kama jirgin ƙarfe uku.