Kwalbar Yara Goma

Ranar Talata ce, zafin bazara ya hana sirdin babur zaunuwa. Na sauke maƙwabciyarmu Habi a ƙofar ƙaramin asibiti, ɗiyarta Rumaisa a goye, 'yar wata tara. Allurar rigakafin ƙyanda ta kawo su.

Malamin asibitin ya leƙo benci, ya ƙirga yara uku.

"Ba a buɗe kwalba don ɗiya ukku. Ta goma ce, in anka buɗe sauran lalacewa shikai. Ku komo Talata."

"Malam, tun daga Giyawa muke," in ji Habi. "Ƙyanda ta shigo garinmu."

"To ni mi zan yi? Ni na haɗa kwalbar?"

Talata ta biyu yara huɗu suka zo. Na kashe babur na shiga har ciki.

"Wai ruwan kwalba ya ɗara ɗiyan mutane?"

"Kai ɗan kabu-kabu, da ka tsaya makaranta da ka gane."

Habi ta ja rigata. "Bari, Sa'adu, kada ya riƙe mu a rai."

Tunda goma yake so, na yi rantsuwa sai na kawo masa goma. Na bar aiki na bi gida-gida. Na bi maza har fadama suna ciran albasa, ina roƙon su bar matansu su fito. Wani ya ce allurar gwamnati nake wa dillanci. Na haɗiye. Ran Litinin na haɗa tara, Rumaisa ta goma.

Da safe na yi sallama ƙofarsu. Mijin Habi, Mainasara, ya fito.

"Ka wuce da sauran. Tun jiya jikin Rumaisa kamar wuta, idanu sun yi ja."

Sawu biyar na yi. Malamin bai ko ƙirga ba, ya huda kwalba. Da ya gama ya ɗaga ta a taga.

"Ka gani? Guda ta tai banza."

Na soke hannuwana a aljihu don kada in mare shi.

Ran Asabar Rumaisa ta cika. Da ni aka yi ginar kabari, ba mu jima ba, ramin kaɗan ne. Katinta na nan cikin ledar da Habi ta manta a akwatin baburina, layin ƙyanda babu komai a kai.

Talata uku. Allura ɗaya a kwandon shara. Yarinya ɗaya.