Macijin da Ya Shiga Takalmin Baba

Sau uku Baba ya yi mafarkin macijin nan kafin ya gaya wa kowa. Da ya tashi faɗa kuma ni ya samu, da safe, ina guga ina kallon agogo don na kusa makara.

"Auta," ya ce, "baƙin maciji ne. Daga ƙarƙashin gado yake fitowa, ya shige takalmina na hagu ya naɗe a ciki. Ina zura ƙafa sai ya sare ni a dunduniya. Kullum wuri ɗaya."

Na ce masa ya rage cin abu mai nauyi kafin ya kwanta. Iyakar abin da na ce ke nan, ni malamar makaranta mai ji da boko, na ɗauki jakata na fice. Baba ya shekara talatin da biyu yana tuƙa bas, ya ga haɗari iri-iri bai girgiza ba, amma ranar nan mafarki ya firgita shi. Da ya ga ban ɗauki maganarsa da nauyi ba, sai ya buga wa Gwaggo waya.

Gwaggo yayar Baba ce, kuma ita ce mai fassara mafarkin danginmu kaf. Tana da wani ɗan littafi da bangonsa ya daɗe da cirewa, tana ajiye shi a leda ɗaya da katin asibitinta, amma ba ta cika buɗe shi ba don ta haddace. Ina son Gwaggo, ita ta riƙe mu bayan rasuwar Umma, sai dai Allah ya sani bakinta ya fi ƙarfina. Da na dawo daga aiki na tarar ta baje a falo, jakar kayanta a gefe, alamar ba yau za ta tafi ba.

"Maciji ai kala-kala ne," take gaya wa Baba. "Fari arziki ne. Kore mace ce za ta shigo gida, kai kuwa ka wuce nan. In ka kashe shi, ka yi nasara a kan wani. Ka kashe shi?"

"Ban kashe ba, Yaya."

"To. Baƙi maƙiyi ne. In a daji ka gan shi, na nesa ne. In a ɗaka, na jiki ne, wanda kuke zama tare kuna dariya. Da ya shiga takalmi kuwa, so ake a ɗaure maka ƙafa. Wa ya taɓa takalmin nan kwanan nan?"

Baba ya waiga ya dubi takalmin. Can ya ce, "Gajere ne ya gyara mini dunduniyarsa, sati biyu da suka wuce."

Gwaggo ta tafa hannu ta jingina da kujera.

Baba Gajere mai gyaran takalma ne, rumfarsa tana ƙarshen layinmu kusa da famfo. Shekararsu arba'in da Baba. Kullum da hantsi Baba zai ja silifas ya je ya zauna a bencinsa, su yi ta zagin juna har azahar. Baba ya ce masa in ya tsaya bayan tebur ba a ganinsa, shi kuma ya ce Baba direba ne da ya fi fasinja barci. A tsakaninsu babu "na gode". Baba Gajere ne ya ɗauki Umma a mota ranar da ciwonta ya tashi Baba yana hanya, kuma da Baba ya dawo abin da ya ce masa shi ne, "Ai ka kyauta wa kanka."

Abin da Gwaggo ba ta sani ba, Baba ma bai sani ba, shi ne Baba Gajere bai taɓa takalmin nan ba. Sau-ciki ne baƙi, shi Baba ke sawa da yamma ya zaga filin ƙwallo sau huɗu, yadda likita ya umarce shi saboda ciwon suga. Da dunduniyar ta ɓalle ni ya ba in kai rumfa. Na makara ranar, rumfar kuma ba a hanyata take ba, sai na tafi da shi makaranta na miƙa wa wani mai gyara da ke zama a bakin ƙofa. Kafin a tashi tara ya gama. Na kawo gida na ajiye, Baba bai tambaya ba, ni ma ban faɗa ba, don na san a wurinsa kai takalmi wani hannu daidai yake da cin amana.

Ina tsaye a bakin falo na ji an ɗora wa bawan Allah abin da bai ji ba bai gani ba. Kalma biyar ta isa ta wanke shi. Na buɗe baki, na kalli fuskar Gwaggo, na hango faɗan da za a juyo da shi kaina, sai na wuce kicin na ɗora ruwan zafi. Na gaya wa kaina ai mafarki ne, kwana biyu za a manta.

Ba a manta ba. Gwaggo ta ɗaure takalmin a leda ta tura bayan ƙofa, ta hana Baba sauka. "Shekara arba'in yana kallonka," ta ce, "kai ka yi ritaya kana hutawa a bene, shi yana ƙarƙashin rumfa yana shaƙar gam. Kana tsammanin zuciya dutse ce?" Baba bai yarda ba, amma bai musa ba, domin macijin ya sake zuwa daren nan da na bayansa. Tsoro ya riga ya shige shi. Ya koma zaman taga da hantsi, yana kallon ƙarshen layi duk da idonsa ba ya kai can.

Rana ta huɗu Baba Gajere ya hawo bene da kansa. Ina jin hakinsa a matakala, don gwiwarsa ba ta son hawa. Gwaggo ta tare ƙofa.

"Direba lafiya? Kwana huɗu bencina ya huta da nauyi."

"Yana barci."

Daidai nan Baba ya yi tari a falo, tari mai ƙarfi wanda duk layin ya sani. Baba Gajere ya tsaya jim, ya dubi Gwaggo, ya leƙo ya dube ni. "To," ya ce, "in ya tashi a ce na zo." Ya juya ya sauka yana dafa bango. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, amma duk da haka bakina bai buɗe ba.

Washegari Asabar, Baba ya tashi da zazzaɓi, ya ƙi shayi. Gwaggo ta ce asirin ne ya fara ci, ta ɗauko ledar ta miƙo mini da yatsa biyu. "Mayar masa da abinsa. Ki ajiye a gabansa ki juyo, kada ki karɓi komai daga hannunsa."

Na tafi ina shirya maganar da zan yi a hanya, ina rushewa. Na same shi yana ɗinkin wata jakar makaranta, gilashinsa a kan hanci. Na gaishe shi ya amsa, na miƙa ledar.

Baba Gajere yana da wata ɗabi'a da muke yi wa dariya tun muna yara. Duk takalmin da ya shigo hannunsa, kafin ya ji abin da ya kawo mai shi, sai ya zura hannu ciki ya shafa tun daga yatsu har dunduniya. Cewa yake mai takalmi yana iya yin ƙarya, amma cikin takalmi ba ya yi. Haka ya yi wa na dama, ya ajiye. Ya zura hannu a na hagu, sai na ga ya zabura ya zaro. Jini ya tsattsafo a kan yatsansa.

Ya juya takalmin ya kalli dunduniyar. Ƙusoshi huɗu ne a jere. Kowa a layinmu ya san Baba Gajere ba ya sa ƙusa a takalmi, gam da zare ne aikinsa, ƙusa a wurinsa aikin malalaci ce. Ya ɗago ya dube ni ta saman gilashi, kallo ɗaya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bai tambaye ni komai ba. Ya ɗaga shimfiɗar ciki, ga tsinin ƙusa ya fito, ga wani baƙin tabo ya bushe a kewaye. Ya kai hanci ya shinshina.

"Kwana nawa yana sa wannan?"

"Kusan sati biyu, Baba."

"Mutumin da ƙafarsa ta mutu da suga? Wanda na taɓa ɗora masa guduma a yatsa bai ji ba?"

Ko rumfar bai rufe ba. Ya rungumi takalmin ya kama hanya, ni da ƙuruciyata ina binsa da gudu-gudu. Wannan karon da Gwaggo ta tare ƙofa, ta ƙarƙashin hannunta ya bi ya shige, amfanin gajarta ke nan. Ya durƙusa gaban Baba, ya kama ƙafar hagu ya zare safar.

Warin ne ya fara isowa. A ƙarƙashin dunduniya akwai rami da zai ɗauki kan yatsa, gefensa ya yi baƙi, ja ya fara hawa zuwa idon sawu. Baba bai taɓa gani ba. Idonsa ya yi rauni, bayansa ba ya barinsa ya sunkuya, ruwa kawai yake kwarara wa ƙafar ya mayar da baƙar safarsa, wadda shi ke wanke abarsa don ba ya son a yi masa. Gwaggo ta dafe ƙirji tana salati.

"Ga macijinka nan, Direba," in ji Baba Gajere, ya nuna masa ƙusar. "Ƙafar ba ta da bakin gaya maka da rana, shi ya sa take kai ƙara cikin barci. Tashi mu tafi asibiti."

"Ashe ban yi ƙarya ba!" in ji Gwaggo. "Ba kai ka gyara ba? Ba hannunka ba ne?"

Baba Gajere ya ci gaba da naɗe safar. "Ni ne, Yaya. Tsufa ne, hannu ya fara kuskure. A yi faɗan in mun dawo."

Likita ta daɗe a kan ƙafar. Da ta fito ta ce an zo a kan gaɓa, da an ƙara kwana huɗu ko biyar, da maganar yanke ƙafa ake yi ba ta wanke ciwo ba. Aka kwantar da Baba, aka ɗaura masa ruwa. Na fita baranda na yi kuka mai isata, na gode wa Allah har na rasa kalma. Na gode wa Gwaggo ma a raina, don da ba ta nace a mayar da takalmin ba, da yana nan bayan ƙofa a ɗaure muna ta neman maƙiyi. Har macijin na gode wa, da ya yi ta zuwa bai gaji ba.

Da na koma ɗaki, Gwaggo tana zaune a bakin gado ta juya wa Baba Gajere baya, shi kuma yana tsaye a jikin ƙofa da hularsa a hannu, kamar wanda aka kama da laifi. Wannan tsayuwar ce na kasa ɗauka.

"Baba, ba shi ya gyara ba," na ce. "Ni ce na kai wa wani a bakin makaranta, don na makara. Shi bai ma ga takalmin ba sai yau. Ina tsaye aka ɗora masa, na yi shiru."

Gwaggo ta juyo ta dube ni, ta dubi Baba Gajere. Ta jawo kujerar da ke gefenta ta tura wa Baba Gajere. "Zauna mana," ta ce, "ka tsaya mana a kai kamar dogari."

Baba bai dube ni ba. Abokinsa yake kallo. "Ka san ba aikinka ba ne, ka ce kai ne?"

"Yarinya ce, Direba. Ni fatata ta saba da zaginku."

"Ka hawo bene da wannan gwiwar taka, ka ji tarina, ka sauka."

"Ai duk layin ya ji. Tari kamar tsohuwar bas."

Na zaci Baba zai rama, don bai taɓa barin irin wannan ta wuce ba. Sai ya miƙa hannun da babu allura a jiki, ya kama na Baba Gajere, wanda ƙusar ta soka, ya riƙe.

"Gajere," ya ce, "na gode."

Baba Gajere ya cire gilashinsa yana gogewa da gefen riga, ya goge, ya sake gogewa. "Likita," ya ce da ƙyar, yana kallon ƙofa, "a zo a duba mutumin nan, zazzaɓin ya taɓa masa kai."

Amma bai zare hannunsa ba.