Nauyin Malam Nu'umanu

Shekara goma sha tara Malam Nu'umanu ya yi yana aiki a asibitin sha-ka-tafi na Tungar Isah, wani ƙauye can bayan Kebbe inda hanyar burji ta ƙare yashi ya karɓa. Shi kaɗai ne ma'aikacin wurin. Shi ke allura, shi ke wanke miki, shi ke share ɗakin. Iyalinsa suna Kebbe, saboda haka kullum da sassafe yake hawa babur ya tafi, ya dawo bayan la'asar.

Tun yana saurayi mai jiki ne, amma da ya haura hamsin jikin ya ƙaru sosai, ciwon suga kuma ya same shi. Sannu a hankali tafin ƙafarsa ta hagu ya daina jin ƙasa. Mai babur a cikin yashi kuwa da ƙafa yake tare kansa in taya ta zame. Sau biyu ya faɗi a wata ɗaya. A na biyun akwatin sanyin da yake ɗauko allurar rigakafi ya buɗe, kwalabe suka tarwatse, ya zauna cikin yashi yana tsince su ɗaya-ɗaya ko da ya san ba su da sauran amfani.

Matarsa Zaituna ta ce ya nemi a maido shi cikin gari. Ya ce mata shekara uku ta rage masa ya ajiye aiki, kuma mutum biyu aka taɓa turawa Tungar Isah kafin shi, babu wanda ya yi damina biyu. In ya taso, ƙofar za a rufe kawai.

Ƙanensa Uwais, malamin firamare a Dogon Daji, shi ya kawo labarin babur mai ƙafa huɗu. Wata gona ce kusa da Jabo ta durƙushe, mai ita yana sayar da kayanta, a ciki har da wannan babur da ake zagaya gonar da shi. Ya shekara biyu a ajiye, kaji na kwana a kansa. Uwais ya ce abin da ke da ƙafa huɗu ba ya bukatar mutum ya sa tasa ƙafar a ƙasa. Ya kawo abin da ya samu, Zaituna ta sayar da tumakinta biyu, aka cika. Aka ɗora babur ɗin a a-kori-kura zuwa Tambuwal, garejin Sambo.

Sambo tsohon bakanike ne, siriri, ba shi da yawan magana, kuma bai taɓa kwance irin wannan babur ba. Kwana uku ya yi a kan injin, ya wanke kafireto, ya sake fulogi, injin ya tashi. Ranar Asabar Malam Nu'umanu ya shigo mota daga Kebbe don ya tafi da abinsa.

Da ya ɗaga ƙafa ya zauna, sai bayan babur ɗin ya nutse har murfin taya ya kwanta a kan taya. Ya ba shi wuta, robar ta fara ci da ƙara, warin ƙuna ya tashi. Akwai 'yan kabu-kabu uku da ke jiran gyara a inuwa. Babu wanda ya yi dariya, duk suka kau da kai, wannan kuwa ya fi yi masa ciwo.

Sambo ya tsuguna ya daɗe yana duba ƙarƙashi. Ya ce shokazobar baya ce, sifirin ɗinta, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗaukar nauyi, ba na mai jiki ba ne. Sannan ya tambaye shi nauyinsa. Malam Nu'umanu ya ce bai sani ba, sikelin asibitinsu a kilo ɗari da ashirin yake tsayawa.

Sambo ya ce, "Yi haƙuri Malam, sai mun sani. Ban iya aiki bisa zato."

Suka taka zuwa wurin masu awon hatsi. Malam Nu'umanu ya tuɓe takalmi ya hau sikelin da ake ɗora buhunan gero, mai awon ya tura ƙarfen, ya sake turawa, ya faɗi lambar a hankali don kada a ji: ɗari da talatin da takwas. Ban da akwatin magani da jarkar ruwa.

Sambo ya buga waya Sakkwato, ya buga Kano. Shokazoba mai ƙarfi ta irin wannan babur sai an aiko da ita daga Legas, kuma kuɗinta ya fi abin da aka sayi babur ɗin gaba ɗaya. Aka bar zancenta. Da farko ya murɗa zoben da ke matse sifirin ya kai shi ƙarshe. Ɓangaren baya ya ɗan ɗaga, amma da suka gwada a kan kwalbatin bakin hanya sai ya sake bugawa. Sai Sambo ya ce a ba shi mako guda.

Wurin 'yan gwangwan ya samo sifirin biyu na keke mai ƙafa uku da ya yi hatsari. Ya yanke su daidai, ya sa ɗaya a jikin tsohuwar shokazobar, ya kai wa mai walda ya liƙa kunnuwan ƙarfe a firam, ya ɗaura na biyun a gefe. Aikin ba shi da kyan gani, amma da Malam Nu'umanu ya hau, bayan babur ɗin ya ɗauke shi bai ko lotsa ba. Ya yi zagaye biyu a filin bayan gareji, ya dawo fuskarsa a sake, rabon da a gan shi haka an jima.

Sambo bai saki fuska ba. Ya kama kan babur ɗin ya danna, gaban ya lotsa kamar katifa, ya taso a hankali.

Ya ce, "Ga abin da nika tsoro. Baya ya yi tsawo, ya yi tauri, gaba ko na nan yadda yake, ya gaji. Na gaban ma canji suka so. Kahin nan, in ka iske gangare ka fuskance shi kai tsaye. Kak ka bi shi a karkace, ko da ƙafa fuɗu gare shi."

Malam Nu'umanu ya ce in albashi ya shigo za a yi na gaban. Albashi ya shigo, aka sayi hatsi da maganin suga, aka kai 'yarsu Khairiyya makaranta. Na watan da ya biyo ma haka.

Wata biyu babur ɗin yana kai shi yana dawo da shi. Yashin da a da yake fargaba yanzu ratsa shi yake yi. Sai dai taurin bayan yana dukan ƙugunsa a kowane rami, har ya kai in ya sauka sai ya dafa bango kafin ya miƙe. Zaituna ta ɗinka masa matashi ta cika da auduga, yana ɗaurewa a kan kujerar da tsohuwar roba. Matashin ya rage ciwon, ya kuma ƙara masa tsawo a sama. Babu wanda ya yi tunanin hatsarin da ke cikin wannan.

Da ruwa ya zauna, wani kwari da ke tsakanin Kebbe da ƙauyen ya fara cin hanya. Wata Talata da safe, bayan ruwan da aka kwana ana yi, ya iske inda ya saba gangarawa ya zabtare. Komawa ta zagaye tafiyar awa biyu ce, ranar kuma ta awon ciki ce, mata na jira. Ya hangi wata 'yar hanya da shanu suka fitar a gefen gangaren, a karkace. Ya tuna maganar Sambo sarai. Ya ce a ransa taku goma ne kawai, zai bi a hankali.

A tsakiyar gangaren tayar gaba ta hagu ta faɗa wani ɗan rami. Gaban ya lotsa, ɓangaren baya ya ƙi lanƙwasa ya cilla shi, babur ɗin ya ɗaga ƙafafu biyu, ya tsaya kamar zai koma, sannan ya kife. Malam Nu'umanu ya faɗi ta haƙarƙari cikin taɓo, babur ɗin ya kwanta a kan ƙafarsa ta hagu.

Ya yi ta turawa bai motsa ba. Ya ɗan jima a haka kafin wasu mata masu tallar nono su hango shi, suka kira manoma biyu daga gona, aka ɗaga. Ya tashi, ya taɓa haƙarƙarinsa, ya ga ba karaya, ya yi hamdala. Suka taya shi tura babur ɗin zuwa ƙetare, injin ya tashi a bugu na uku, ya wuce aiki. Mata ashirin da shida ya duba ranar.

Sai da ya zauna alwalar azahar ya ga abin da ya faru. Salansar babur ɗin mai zafi ce ta kwanta a kan ƙafar duk tsawon lokacin. Robar takalmin ta narke ta manne da fata, gefen ƙafar daga ɗan yatsa har idon sawu ya yi fari, ya dahu. Bai ji komai ba, har a lokacin ma ba ya jin komai. Ya daɗe yana kallon ƙafar. Ya san irin wannan miki, ya wanke shi a jikin wasu, ya san inda yake kaiwa.

Ya wanke, ya ɗaure, ya sa safa. Kwana tara yana zuwa aiki bai gaya wa kowa ba. A na goma Zaituna ta ji wari lokacin da take kwashe shimfiɗa, ta tsaya a kansa har ya cire safar. Ba ta yi kuka ba, ta kira Uwais. Daga asibitin Tambuwal aka tura su Sakkwato. Likitocin sun yi ƙoƙari mako biyu, daga ƙarshe aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa.

Bayan an sallamo shi, Sambo ya zo Kebbe gaishe shi da ledar lemo. Ya zauna a bakin tabarma a zaure, ya kasa haɗa ido da shi. Can ya ce da ya sani da bai ɗaga bayan ba, da ya ce masa abin ba ya yiwuwa.

Malam Nu'umanu ya ce, "Ka gaya mini, Sambo. Ni na ji, ni kuma na bi gangaren a karkace. Kada ka ɗauki wanga ka kai gida."

Sambo ya gyaɗa kai, amma bai ci abincin da aka kawo masa ba. Ya tafi da babur ɗin, ya cire sifirin da ya ƙara, ya sayar wa wani mai noman albasa babur ɗin, ya aiko da kuɗin duka bai cire ladansa ba.

Kaka ta yi, aka yanke gero. Wata rana da hantsi amalanken shanu ya tsaya a ƙofar gidan. Marka ce, tsohuwar ungozoma ta Tungar Isah, ta kawo matar ɗanta mai cikin wata takwas, fuska da ƙafafu a kumbure. Ta ce tun da ya kwanta asibitin ke rufe, an ce za a turo wani, ba su ga kowa ba. Ba su san kowa a cikin gari ba sai shi.

Ya sa Zaituna ta ɗauko masa abin awon jini daga jakarsa. Ya jawo jiki zuwa bakin tabarma, ya ɗaura wa yarinyar a hannu, ya matsa, ya saurara, ya sake aunawa. Jinin ya hau ƙwarai. Ba shi da ko ƙwaya ɗaya da zai ba ta. Ya yagi takarda ya rubuta abin da ya gani, ya ce su wuce babban asibiti yanzu-yanzu, kada su tsaya cin abinci, Zaituna za ta raka su ta nuna musu ƙofar da za su shiga.

Marka ta ƙulle takardar a bakin zanenta. Ta kalli inda zanen da ya rufa da shi ya kwanta babu komai a ƙarƙashi, ta yi masa sannu, sannan duk da haka ta tambaye shi yaushe zai komo.

Ya ce, "Inna, ba ni komowa. Ku riƙa tahowa da wuri, kada ku jira sai ta yi haka."

Ta gyara lulluɓinta, ta kama yarinyar suka fita. Yana daga zaune ya ji mai amalanken yana kora shanun, ƙarar ƙafafun tana nisa a hankali. Jakar tana buɗe a gefensa. Ya naɗe abin awon, ya mayar ciki, ya jingina da bango yana jiran Zaituna ta dawo ta gaya masa ko an karɓe su.