Ƙyauren da Ba Ya Ƙara

Mai gyaran agogo ya san abin da ya daɗe bai yi ba, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba: rabonsa da yin sallama a ƙofar gidansa tun 'yarsu Auta tana rarrafe, ga shi yanzu ita ma tana da nata 'ya'yan. Yana yin sallama a shagon maƙwabci, yana yi a gidan mutane har sai an amsa. A nasa gidan kuwa, sai dai matarsa ta juyo ta gan shi tsaye.

Abin ya samo asali ne daga wata dariya. Wata rana, suna da sauran ƙuruciya, ya dawo daga shago ya jiyo ta tana ƙyaƙyatawa, irin dariyar da bai taɓa samu daga gare ta ba. Yana yin sallama dariyar ta yanke. Ɗan kawunta ne ya kawo ziyara, ba wani ba, amma tun daga ranar zuciyarsa ta kafe a kan son jin abin da ake yi kafin a san ya iso. Ya koma sa takalmin roba. Duk wata yakan ɗebo siririn man da yake sa wa agogo ya ɗiga a ƙarfen da ƙyauren ke juyawa a kai, har ƙyauren ya daina ƙara ko kaɗan. Bai taɓa kama komai ba. Ya same ta tana rera waƙa a kan wanke-wanke, ya same ta tana faɗa da kyanwa. Kofuna sun sha faɗuwa daga hannunta.

Da Auta ta yi aure can nesa, jikoki suka taso da Turanci a baki, sai matar ta shiga ajin koyon Turanci na manya da ake yi da la'asar a makarantar firamare ta bayan layinsu. Shi ya ba da izini, a zatonsa ba za ta yi mako biyu ba. Sai ga shi tana dawowa da fara'a, kuma sabuwar magana ta shigo gidan: malaminmu ya ce.

"Malaminmu ya ce harshena ya fara kwanciya," ta ce masa wata rana tana zuba masa ruwa.

"Shekararsa nawa, malamin nan naku?"

"Bai kai Auta ba. Sai son guga, rigarsa kamar za ta yanki mutum."

"Ashe har rigar kin duba."

"To a gabanmu yake tsayawa, Baban Auta. Rufi zan kalla?"

Shi ma yana jin Turanci daidai gwargwado, da shi yake karanta takardun kayan agogo, amma ko sau ɗaya ba ta kawo masa littafinta ta ce ya duba mata ba. Ta tsallake shi, ta kai wa yaro mai rigar guga. Washegari ya rufe shago da wuri. Ya riga ya yanke cewa ajin nan ya ƙare mata. Yana so ne kawai ya ji da kunnensa abin da zai kafa hujja da shi.

Ya bi ta bayan ginin makarantar ya raɓe jikin taga. Mata sun cika ajin, sun matse a kan bencin yara, kowace ta sunkuya tana rubutu. Matarsa tana layin ƙarshe, ta jingina da bango. Malamin ya zagaya a hankali, ya ɗaga wani ƙaton littafi ya sake shi a kan tebur. Ajin ya zabura gaba ɗaya, fensir ya faɗi, wata ta dafe ƙirji tana salati, sannan dariya ta ɓarke.

"Ku yi haƙuri, iyayena," in ji malamin. "Abin da na yi muku yanzu shi ne kalmarmu ta yau." Ya rubuta startle a allo, ya sa suka maimaita. "Wato ka firgita mutum ba zato, zuciyarsa ta buga, nan take kuma ya gane ba komai ba ne. Ba irin tsoron da ke kwana da mutum ba ne. Yana zuwa, yana wucewa. Kowace ta haɗa min jimla da ita."

Wata ta ce ƙadangare ya firgita ta a banɗaki. Wata ta ce hon ɗin mota. Da aka zo kan matarsa, ta miƙe, ta jera kalmomin Turancin ɗaya bayan ɗaya kamar mai taka tsani, kuma ba ta yi kuskure ba: mijina yana firgita ni kullum.

Ajin ya sake ɗaukar dariya.

"Ashe tsohon naki ɗan wasa ne," in ji wata mai tabarau. "Mu namu ko tari ba sa yi mana, ke ana nan ana wasan ɓuya da ke a bayan ƙofa."

Matar ta yi murmushi kaɗan, ba ta zauna ba.

"Malam, ina da tambaya. Ka ce yana wucewa nan take. To idan an daɗe ana yi wa mutum, har ya zama ko shi kaɗai ne a ɗaki ba ya iya juya wa ƙofa baya, shi kuma me ake ce masa?"

Malamin ya juya allin da ke hannunsa.

"Wannan ba kalmar yau ba ce, Mama. Ya wuce ta."

"Na yi zaton haka," ta ce, ta zauna.

Abin da ya fara taso wa mai gyaran agogo kishi ne, ba kunya ba. Maganar da ba ta taɓa yi masa ba, ta ɗauke ta ta miƙa wa yaron nan a gaban matan unguwa, kuma yaron ya fahimta. Ya bar tagar, ya koma shago ya zauna a cikin agogunan mutane, kowane yana bugun nasa.

A nan ne abubuwa suka riƙa dawo masa. Ta matsar da murhu zuwa inda za ta riƙa ganin ƙofa. Kujerarta ta ɗinki ma haka. Ya lura da duk wannan a lokacinsa, ya ɗauke shi shaida cewa akwai abin da take ɓoyewa. Waƙar wanke-wanke kuwa, ya nemi ranar da ya ji ta a ƙarshe, ya rasa. Ya tuna yadda ta zaɓi layin ƙarshe a aji, bayanta a jikin bango. Kishin bai tafi ba, amma ya duba ko'ina bai sami hujjar da ya je nema ba. Idan ya hana ta ajin, ya hana ta wurin da take dariya ke nan, kuma ya san yanzu wanda ya kore dariyar daga gida.

Kafin magariba ya kulle shago. A ƙofar gida hannunsa ya kai ga ƙyauren da kansa, kamar kullum. Ya janye shi. Ya gyara murya, sallamar ta fito a dushe, sai ya sake yi da ɗan ƙarfi.

Motsin kwanuka ya tsaya a ciki. Ta amsa sallamar, sannan ta ƙara da muryar da take yi wa baƙi: "Maigidan ba ya nan, yana shago. Wa za a ce?"



"Ni ne, Maman Auta."

Ya tsaya a waje da makullin shago a hannu, yana jira ta ce ya shigo.