Ƙwallon Alhaji Tukur a Sawun Saniya

Tun da Alhaji Tukur ya bar aikin soja ya dawo Bakura, mutane suka kasa gane kansa. Da rani ya shigo sai ya sa aka share gonarsa ta bayan gari, aka haƙa 'yan ramuka, aka kafa wa kowanne tuta. Wai golf, wasan da ya koyo a Kaduna. Duk Asabar abokinsa Malam Ishaku zai taso daga Talata Mafara, dattawa biyu su wuni suna bin farar ƙwallo da ba ta kai ƙwan kaza ba. Ni dai ban ga abin daɗi a ciki ba, amma ba wanda ya tambaye ni.

Can aka tura Mas'ud, malamin firamare da ke neman Salma, 'yar Alhaji. Uban ya ce sai ya ga yaron da idonsa kafin ya yarda a turo magabata.

Mas'ud ya iso daidai lokacin da Alhaji ya ɗaga sanda. Ya durƙusa ya rangaɗa sallama, ya ɗora da ina kwana, ina gajiya, yaya iyali. Bawan Allah bai san a wasan nan ko tari ba a yi idan mutum zai buga ba. Hannun Alhaji ya goce, ƙwallo ta yi gefe, ta faɗa wani zurfaffen sawun saniya da ya bushe tun damina.

Alhaji ya amsa sallamar a daƙile. Don ya gyara ɓarnarsa, sai Mas'ud ya yi abin da kowane ɗa mai tarbiyya zai yi: ya ruga ya ciro ƙwallon, ya goge ta da bakin rigarsa, ya miƙa da hannu biyu.

"Wa yac ce ka taɓa ta?" Alhaji ya daka masa tsawa.

Malam Ishaku ya danne dariya ya ce, "Malam, ƙwallo inda tah hwaɗi nan aka buga ta. Tunda kai ba ɗan wasa ba ne, babu tara. Tahi ka maishe ta inda kag gane ta."

Mas'ud ya koma wurin sawun da ƙwallon. Dattawan suna nesa, Malam Ishaku ma ya juya yana shan ruwa. Dab da sawun akwai fili sumul. Idan ya ajiye ta nan, Alhaji zai buga cikin sauƙi, ƙila ya huce. Ya daɗe a tsaye, sannan ya sunkuya ya mayar da ita can ƙasan sawun.

Alhaji ya zo ya yi ta sara, ƙasa na tashi, ƙwallo ta ƙi fita. Malam Ishaku kuwa sai dariya har da riƙe ciki. Nasarar wannan ramin dai ta kuɓuce wa Alhaji, Malam Ishaku ya cinye. Mas'ud ya sulale ya nufi babur ɗinsa, a ransa ya riga ya yi bankwana da Salma.

"Kai malam, taho nan," in ji Alhaji yana share gumi. "Ka kashe ni yau. Na ga hilin da ke gehen sawun, kuma na ga ka gane shi. Ka ce ma magabatanka su taho ran Juma'a. Amma gida za su iske ni. Duk wanda yaz zo min nan da gaisuwa, na hwasa."

Mas'ud ya buɗe baki zai kwararo godiya, sai ya hango Malam Ishaku ya ɗaga sanda. Ya yi maza ya toshe bakinsa da hannu biyu.